Wasu jajayen ɗigo-ɗigo sun fito wa 'yata a ƙafa, ba ƙaiƙayi ba zafi, mene ne wannan?

Maman Biyu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu ilimin lafiya ku taimaka min da bayani, tun yamma hankalina bai kwanta ba.

'Yata ce, shekararta biyar da rabi. Ɗazu ina yi mata wanka na ga wasu ɗigo-ɗigo a ƙwaurinta duka biyu har zuwa idon sawu, kamar an ɗauki jan biro an bi ana ɗiɗɗiga mata. Ƙanana ne sosai, kowanne bai wuce kan allura ba, wasu ja, wasu sun ɗan yi duhu. Da farko na ce ƙurajen zafi ne, amma da na shafa hannu ban ji komai ba, fatar sumul take, babu tudu babu ruwa. Na tambaye ta ko yana yi mata ƙaiƙayi ta ce a'a, ko zafi, ta ce a'a. Na ce to ko kuɗin cizo ne, na ɗaga katifa na haska tocila lungu-lungu ban ga komai ba. Ga shi ƙaninta da suke kwana gado ɗaya ko ɗigo ɗaya babu a jikinsa.

Abin da ya ƙara tayar min da hankali, a ƙugunta inda robar wando take kama ta, nan ma sun jeru kamar an ja layi. Sannan akwai wuri biyu a cinya da jini ya taru ya yi duhu, kowanne faɗin murfin kwalba. Ta ce ba ta faɗi ba, kuma babu wanda ya buge ta.

Jikinta babu zafi, na auna ya nuna 36.8. Ta ci abinci, tana wasa, yanzu haka ma rigima suke da ƙanin a kan rimot. Kimanin sati biyu da suka wuce ta yi mura da ɗan zazzaɓi na kwana uku, ta warke sarai.

Babanta ya ce mu bari zuwa ƙarshen mako mu ga ko za su baje. Ni kuma zuciyata ta ƙi. Wa ya taɓa ganin irin wannan?

Kaka Mai Jikoki

Wa alaikumus salam 'yata. Kwantar da hankalinki, wataƙila ƙyanda ce take son fitowa, ko kuma zafi ne kawai. Ki shafa mata hoda ki bar ta da kaya marasa nauyi, in sha Allahu kwana biyu za su tafi. Allah ya ba ta lafiya.

Anti Nas

Mama, Allah ya ƙara girma, amma a nan zan ɗan saɓa miki. Ƙyanda ba ta zuwa shiru haka. Sai yaro ya sha zazzaɓi mai zafi da tari da jan ido tukuna, kuma daga fuska da bayan kunne take farowa ta gangaro ƙasa. Ba ta fara fitowa a ƙwaurin yarinyar da jikinta ke 36.8.

Maman Biyu, kafin komai tashi ki ɗauko kofin gilashi, wanda ake hango abu ta cikinsa. Ki kwantar da gefensa a kan ɗigon ki danna da ɗan ƙarfi, ki leƙa ta cikin gilashin a wuri mai haske. Ƙurajen zafi, cizon sauro da mafi yawan ƙurajen yara suna dusashewa idan an danna, domin jinin da ya sa su ja yana cikin jijiya ne, matsi yana kore shi. Idan kuwa kin danna kin ga ɗigon yana nan daram yana kallonki, to jinin ya riga ya tsiyayo daga 'yan ƙananan jijiyoyi ya zauna a ƙarƙashin fata, babu inda za ki tura shi. Wannan ne likitoci suke kira fitikiye idan bai wuce milimita 2 ko 3 ba. Idan ya fi haka har zuwa santimita 1 sunansa fafura, wanda ya wuce santimita 1 kuma shi ne taruwar jinin da kika gani a cinyarta.

Ki kuma duba wuraren da fata ba ta rufe launi: tafin hannu, tafin ƙafa, ki ja fatar idonta ta ƙasa ki ga cikin, ki sa ta buɗe baki ki haska dasashi, cikin kumatu da ganɗa. A fata mai duhu waɗannan ɗigon suna ɓoyewa, mutum ya yi ta kallon ƙafa bai gan su ba alhali bakin yaro cike yake da su.

Ga abin da nake so ki riƙe a daren nan. Idan zazzaɓi ya taso mata, ko ta yi laushi tana ta barci ba ta son a tashe ta, ko ta ce kanta yana ciwo sosai, wuyanta ya ƙage, haske yana damun idonta, hannu da ƙafa suka yi sanyi, ko kika ga ɗigon suna ƙaruwa a gabanki suna haɗewa, kada ki jira gari ya waye, ki kai ta asibiti nan take. Ɗigon da ba ya dusashewa tare da zazzaɓi muna ɗaukarsa a matsayin sanƙarau ko ƙwayar cuta a cikin jini har sai an tabbatar ba shi ba ne, kuma wannan cikin awanni yake kayar da yaro. Haka ma haɓon da ya ƙi tsayawa, jini a fitsari ko baƙin kashi, ko ta bugu a ka.

Idan babu ko ɗaya cikin waɗannan, gobe da safe ki kai ta a duba ta a yi mata gwajin jini. Ki faɗa wa babanta cikin ladabi cewa wannan ba na ƙarshen mako ba ne. Kuma daga yanzu kada ki ba ta asfirin ko ibufurofen, suna raunana daskarewar jini.

Maman Biyu

Anti na gode, Allah ya saka. Na yi gwajin kofin. Wallahi ko motsi ba su yi ba, ta cikin gilashin ma na fi ganinsu tar. Na gwada a kan wani cizon sauro da ke hannunta don in tabbatar na iya, shi kam nan take ya yi fari. Bakinta da idonta babu komai, dasashi lafiya, na duba buroshinta ma babu jini. Na zagaye wani gungu a ƙwaurinta da biro don in ga ko za su wuce layin kafin safe. Na nuna wa babanta abin da kika rubuta, ya yi shiru, ya ce da sassafe za mu tafi.

Baban Yara

Ni dai bari in ɗan sanyaya miki zuciya 'yar'uwa. Ɗana na biyu ya taɓa yin wani tari mai sarƙewa, irin wanda sai ya yi ta yi har ya yi amai, fuska ta yi jawur. Washegari muka ga kewayen idonsa da kumatunsa da wuya duk ɗigo-ɗigo, sak yadda kika kwatanta. Mahaifiyarsa har ta fara kuka. Likita ya duba shi tun daga kai har ƙafa, ya ce ƙarfin tarin da aman ne ya fasa ƙananan jijiyoyi, ya ce ko mace mai naƙuda tana yinsu a fuska saboda nishi, haka masu ɗaga ƙarfe mai nauyi. Ko magani bai ba mu don su ba, tarin kawai aka yi wa magani. Kafin sati sun koma ruwan ƙasa sun ɓace. Don haka ba kullum ne abin tsoro ba.

Anti Nas

Gaskiya ne Baban Yara, kuma naka shi ne wanda muka fi gani. Amma ka lura da inda na ɗanka suka fito: ido, kumatu, wuya. Na tari da amai da kuka mai tsanani daga ƙirji zuwa sama suke tsayawa, domin can ne jini yake cunkushewa idan mutum ya yi yunƙuri. Na 'yar Maman Biyu a ƙwauri suke da ƙugu, ga taruwar jini a cinya babu faɗuwa, kuma ba ta yi tari ko amai jiya ba. Wurin da suka fito rabin labarin ne. Shi ya sa likitanka ya tuɓe yaron ya duba har ƙafa kafin ya sallame ku.

Dabarar biron nan ta yi kyau, Maman Biyu. Ki ɗauki hoto ma da waya, ki nuna musu.

Mai Ɗakin Gwaji

Salam. Aikina kenan kullum, jinin mutane nake ƙirgawa, bari in gaya miki abin da za a nema gobe don kada takardar ta zo miki kamar rubutun aljanu.

A cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, akwai farare sojojin jiki, sai wasu 'yan mitsi-mitsi da ake kira filatilet. Ɓargo ne yake ƙera su, kowacce tana rayuwa kwana 7 zuwa 10. Aikinsu toshe ɓaraka. Ƙananan jijiyoyinmu kullum suna ɗan tsagewa ba mu sani ba, musamman a ƙafa inda nauyin jini yake taruwa da inda roba ko ɗamara ta matse, su kuma filatilet suna bi suna liƙewa. Idan suka yi ƙaranci sai kowace 'yar tsaga ta bar ɗigo. Kin ga dalilin layin da ke ƙugunta.

Gwajin farko shi ne cikakken ƙirgen jini, a takarda za ki ga an rubuta FBC ko CBC. Mai lafiya yana da filatilet 150,000 zuwa 450,000 a kowane maikurolita na jini, wato kashi ɗaya cikin miliyan na lita. Wasu takardun suna rubuta 150 zuwa 450 kawai, abu ɗaya ne. Mutum yana iya sauka zuwa 80,000 bai ga komai a jikinsa ba. Yawanci sai an gangaro ƙasa da 20,000 ko 30,000 ɗigo suke fara fitowa da kansu, ƙasa da 10,000 kuma a nan ake fi jin tsoron zubar jini.

Amma kada idonki ya tsaya a kan wannan lamba ita kaɗai. Ni da na ga filatilet sun faɗi, abin da nake fara kallo shi ne maƙwabtansu. Idan jajayen ƙwayoyi da farare suna daidai, su kaɗai ne suka sauka, yaro kuma garau yake bayan ya yi mura sati ɗaya zuwa uku baya, abin da likita zai fi zato shi ne ITP. Garkuwar jiki ce ta gama yaƙi da ƙwayar murar, sai ta rikice ta koma tana cinye filatilet ɗin mai ita, saifa tana kwashe su. Idan kuwa duka ukun sun rikice, jini ya yi ƙasa, farare sun yi sama sosai ko sun faɗi, yaro ya yi fari fat, yana gajiya, ƙashi yana masa ciwo, kaluluwa ta fito a wuya ko hammata, to ana tunanin matsala a ɓargon ne kansa, kamar kansar jini ko ɓargon da ya daina aiki. A nan ne ake ɗibar ɓargo a duba. Ba kowa ake yi wa ba.

Shi ya sa nake roƙonki ki tambaya ko za a shafa jinin a gilashi a duba da madubin likita, ba na'ura kaɗai ba. Dalili biyu. Na ɗaya, ido ne yake gane baƙin ƙwayoyi marasa kyau. Na biyu, na'ura tana yin ƙarya. Kwalbar da muke zuba jinin ƙirge, mai murfi shunayya, tana da sinadarin hana daskarewa da ake kira EDTA. A jinin wasu mutane wannan sinadarin yana sa filatilet su dunƙule wuri ɗaya, na'ura ta ƙi ƙirga dunƙulen, ta fito da lamba mai firgitarwa alhali mutum lafiyarsa ƙalau. Na sha ganin haka. Sai mu sake ɗiba a kwalba mai murfi shuɗi, lamba ta dawo daidai. A wajen 'yarki da ɗigon suke a fili ban sa ran haka ba, amma ƙa'ida ce a duba.

Sauran gwajin ya danganta da abin da likita ya ji ya gani. Akwai na saurin daskarewar jini, PT da APTT. Akwai na hanta da ƙoda da fitsari. Maleriya tana saukar da filatilet, zazzaɓin dengi ma haka, shi ya sa ake tambayar zazzaɓi da tafiye-tafiye. A manya ana ƙara HIV da ciwon hanta nau'in C, da duba ko saifa ta kumbura, don hantar da ta lalace tana sa saifa ta girma ta riƙe filatilet. Mai ciki kuma da ta ga haka, musamman da hawan jini, a ranar za ta je asibiti.

Kuma ana iya samun lambar daidai cif amma ɗigo suna nan. Wannan yana nufin ko filatilet ɗin suna nan amma ba sa aiki, kamar wanda yake shan asfirin, ko kuma bangon jijiyar ne ya yi rauni, kamar a kumburin jijiyoyi ko matsanancin rashin bitamin C.

Afuwan na cika ku da surutu.

Tsohon Malami

Ba surutu ba ne ɗana, karatu ka ba mu. Ni abu ɗaya zan ƙara daga abin da ya same ni. Shekarun baya an ba ni Septrin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, saboda ciwon fitsari. Wajen kwana na bakwai ina cire safa na ga ƙafata kamar an yayyafa jan tawada, da na wanke baki kuma na tofar da jini. Likitan da ya gan ni tambayarsa ta farko ita ce, wane magani kake sha? Na lissafa masa na hawan jini na yi shiru, don a raina wancan na ɗan lokaci ne, bai kai a ambata ba. Sai da ya sake tambaya har sau uku na tuna. Aka tsayar da shi, cikin kwana goma jinin ya dawo daidai, ya ce in rubuta sunan maganin in riƙa nuna wa duk wanda zai rubuta min wani. Ya ce kwinin ma yana yi, da hefarin, allurar hana daskarewar jini da ake yi wa marasa lafiya a asibiti, da wasu magungunan farfaɗiya.

Don haka 'yata, duk abin da yarinyar nan ta sha lokacin murar, ko na ruwa ko ƙwaya, ko wanda kika saya da kanki, ki zuba kwalaben a jaka ki tafi da su. Kada ki dogara da tunawa.

Ummin Auta

Nawa ɗan kuma daban ne, na faɗa ko zai amfani wata. Yana shekara bakwai, shi ma bayan ciwon maƙogwaro, suka fito masa a ƙafafu da ɗuwawu. Bambancin, nasa idan ka shafa kana jin tudunsu, kuma gwiwa da idon sawu suka kumbura har ya ƙi taka ƙasa, ga ciwon ciki yana murɗa shi. Aka yi ƙirgen jini, filatilet lafiya lau. Na yi murna na ce shi kenan, likita ta ce a'a, kumburin ƙananan jijiyoyi ne, HSP suke ce masa, kuma abin da take tsaro shi ne ƙoda. Ɗigon sun tafi cikin wata guda, amma mun yi wata shida muna kai fitsari ana dubawa ana auna masa hawan jini. Alhamdu lillahi bai taɓa ƙodar ba. Maman Biyu ki tambaye ta ko gaɓoɓinta ko cikinta suna ciwo.

Maman Biyu

Assalamu alaikum, na dawo da bayani, ku yi haƙuri jiya ban samu zama ba.

Da safe ɗigon sun ɗan wuce layin biron, wasu sababbi kuma sun fito a hannu daidai inda na riƙe ta muna tsallaka titi, abin da ya sa na ji kamar in yi kuka. Likitar ta tuɓe ta tsaf, ta tattaɓa wuya da hammata, ta danna ciki tana neman saifa da hanta, ta haska baki da ido, ta lanƙwasa wuyanta. Tambayoyin kuwa kamar ta karanta abin da kuka rubuta: zazzaɓi, haɓo, ciwon gaɓa, ciwon ciki, rama, ko akwai mai yawan zubar jini a danginmu, da magunguna. Baba Malam, na juye mata jakar a kan tebur, farasitamol ne kawai da maganin mura na ruwa, ta karanta bayan kowanne.

Sakamako ya fito da rana. Filatilet 18,000. Da na ga lambar ƙafata ta yi sanyi, sai na tuna maganar maƙwabta, na bi layin sama da yatsa: ma'aunin jajayen ƙwayoyi 11.9, daidai yake, farare ma suna cikin iyaka. An duba a madubi, an ce filatilet ɗin kaɗan ne amma manya-manya, alamar ɓargo yana ƙera sababbi, kuma babu baƙuwar ƙwaya. Maleriya babu, fitsari lafiya. Ta ce ITP ne.

Abin da ya ba ni mamaki, ba ta ba mu magani ba. Ta ce tunda a fata kaɗai yake, babu jini a baki ko hanci, sa ido ya fi, domin mafi yawan yara suna warkewa da kansu cikin wata shida, da yawa ma cikin makonni. Idan jini ya fara fita ta hanci ko baki, akwai maganin da za a ba ta na ɗan lokaci ya ɗaga lambar. Babanta ya tambaya ko za a yi mata ƙarin jini, ta ce ba a bukata, ko an ƙara filatilet jikin zai cinye su. Ta hana keke, hawa bishiya, tsalle a kan gado da kokawa da ƙaninta, ta hana asfirin da ibufurofen da allurar tsoka, ta ce a sauya mata buroshi mai laushi. Idan ta bugu a ka, ko ta yi ciwon kai mai tsanani da amai, ko haɓo ya wuce minti 15 ana matse hanci bai tsaya ba, mu taho ko tsakar dare ne. Za mu koma ranar Litinin a sake ƙirgawa.

Kaka, na gode da addu'a. Tambayata ɗaya da na manta ban yi wa likitar ba: ƙanin nata zai iya ɗauka? Kuma makaranta fa?

Anti Nas

Alhamdu lillah. Ba ya yaɗuwa, su ci gaba da kwana gadonsu, in dai za ki iya raba su da dambe. Makaranta kuma yawanci ana barin yaro ya je, amma ki bari zuwa Litinin ki ji ta bakin likitarta idan sabuwar lamba ta fito. Ranar da za ta koma ki shiga da kanki ki yi wa malamarta bayani: ba guje-guje lokacin tara, ba duka ko na wasa, kuma a kira ki nan take idan ta faɗi ko ta yi haɓo. Tsofaffin ɗigon za su koma ruwan ƙasa kafin su ɓace, kada wannan ya tsorata ki. Sababbi jajaye ne za ki riƙa lura da su, don haka kada ki yar da biron nan tukuna.